Malama Mai Almakashi da Ɗakin da Aka Kulle

Kafin mai gadi ya gama share bakin ƙofa take isowa, da baƙar jakarta wadda hannunta ya sha ɗinki. Sai ta tsaya su gaisa, ta tambayi ƙafarsa, shi ma ya tambayi gwiwarta, kowa ya ce da sauƙi alhali dukansu ɗingishi suke yi. Daga nan ta zaga ta bayan ɗakin karatu zuwa wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya da dogon tebur. Abin da take fara yi shi ne rufe tagar da kashe fanka, ko da kuwa zafi ya kai a cire riga. Sai ta goge teburin tas, ta buɗe jaka, ta zaro almakashi ta ajiye a tsakiya.

Malamar Turanci ce a makarantar sakandaren unguwarmu. Ta koyar da iyaye, ta koyar da 'ya'yansu, kuma duk a bayan idonta sunanta ɗaya, Malama Mai Almakashi. Ta san da sunan, ba ta taɓa nuna ta sani ba. A ƙarshen zangon da ya wuce ta yi ritaya, kuma abu ɗaya tak ta roƙa, wato a bar mata makullin ɗakin nan ta ci gaba da zuwa ranar Asabar da safe. A nan take zama da yaran da Turanci ya kayar a jarrabawar fita suna shirin sakewa, da duk wanda rubutu ya gagara. Ba ta taɓa karɓar ko sisi a kan wannan zaman ba. An hana ta makullin.

Sai wanda ya ga aikinta zai gane girman abin da aka yi. Malama ba ta cika damuwa da manyan kalmomi ba. Damuwarta tana kan ƙananan nan da ke ɗaure magana da magana, irin su because da although da however da therefore. Idan ɗalibi ya kawo insha'i, ba ta jan biro ja ta yi ta zane. Almakashi take sawa ta yanka takardar jimla-jimla, ta cakuɗa guntayen a kan tebur, ta ce ya mayar da su yadda suke. Shi ya sa ake rufe taga. Iska kaɗan ta isa ta kwashe tunanin mutum ta watsa ƙarƙashin benci.

'Yan ajinmu har yau suna ba da labarin ranar da ta kama Lauya. Wani yaro ne da bakinsa ba ya mutuwa, shi ya sa aka laƙaba masa sunan. Ya rubuto insha'i a kan amfanin itatuwa, kowace jimla ya buɗe ta da moreover ko furthermore ko nevertheless, ya miƙa yana ɗaga kafaɗa. Malama ta karanta, ta leƙo shi ta saman tabarau.

"Lauya, wa ya rasu ya bar maka gadon moreover?"

"Malama, ai ado ne. Mai ba da maki in ya gani zai san ba ƙaramin mutum ne ya rubuta ba."

Ta bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya ta yanke su, ta zuba masa a tafin hannu.

"Riƙe adonka, kar ya faɗi."

Sannan ta yanyanka sauran, ta cakuɗa, ta ce ya jera. Lauya ya sa wannan a sama, ya mayar da ita ƙasa, ya sosa ƙeya, gumi ya fara tsattsafo masa. Can ya ɗago.

"Malama, ai duk yadda aka jera su daidai ne."

"Shi ne ciwon, ɗana. Jimlolinka fasinjoji ne a mota, kujera kawai ta haɗa su, babu wanda ya san wani." Ta jawo guntaye biyu, ɗaya na cewa itatuwa suna ba da inuwa, ɗayan na cewa mutane suna sare su. "Bar Turancin tukuna. Faɗa min da Hausa, kamar kakarka kake gaya wa. Me ke tsakanin waɗannan biyun?"

Lauya ya ce a hankali, "Suna ba mu inuwa, amma duk da haka muna sare su."

"Da ka faɗa, ka ji haushi?"

"Na ji, Malama."

"To yanzu ka cancanci however. Rubuta ɗaya. Ɗaya na ce, Lauya, na ga hannunka yana rawa."

Aka kwashe da dariya, har da shi. Haka take yi da kowa. Ba ta yarda ka rubuta therefore sai ka faɗa da bakinka abin da ya jawo wani abin, kuma in ka kasa, to ba kalma ce ta ɓace maka ba, ba ka gama tunanin ba ne. Sai ta ce ka koma ka zauna ka gama.

Ɗaya daga cikin ɗalibanta yanzu ma'aikaciyar jinya ce a sashen yara. Ta ce duk lokacin da za ta rubuta bayanin mara lafiya ga mai karɓarta aiki, muryar Malama take ji a kunnenta. In ta rubuta cewa an ba yaro magani, ta sa aya, ta rubuta cewa jikinsa da zafi, mai karantawa zai gyaɗa kai ya wuce gado na gaba. Amma in ta rubuta cewa duk da an ba shi magani jikinsa da zafi, to dole a tsaya a kira likita. "Wallahi," in ji ta, "although ɗin nan da na sha wuya a kansa ranar Asabar, na ga ya tashi likita daga kujera."

Wannan shi ne aikin da wani sufeto ya taɓa zuwa ya gani, ya koma ya ba da rahoton cewa malamar tana Hausa a ajin Turanci, kuma tana lalata takardun ɗalibai. Rahoton ya bi ta shekara da shekaru. Waɗanda ta koya wa riƙe alli suka zo suka wuce ta, suka zama shugabannin sashe, ita tana nan a bayan ɗakin karatu. A sauran azuzuwa kuwa, an raba wa yara kalmomin suna rerawa kamar waƙa, firstly, secondly, moreover, in conclusion, su je jarrabawa su barbaɗa su kamar gishiri. Wannan ba wanda ya taɓa rubuta rahoto a kansa.

Da ritaya ta matso, sai ta je ofishin shugaban makaranta. Mutum ne da ta girme wa nesa ba kusa ba, amma ta tsaya sai da ya nuna mata kujera.

"Ranka ya daɗe, alfarma na zo nema. Ɗakin nan na baya, a bar min shi ranar Asabar. Yaran da za su sake jarrabawa ba su gama shiri ba."

"Haba Malama! Ki je ki huta mana. Ki miƙe ƙafa, ki yi wasa da jikoki. Ai kin yi mai wuyar."

"Jikokin suna nan sauran kwanaki, ranka ya daɗe. Asabar kaɗai nake roƙo."

Ya juya biro a hannu, ya ce gaskiya an riga an ware ɗakin. Kwamitin inganta koyar da Turanci ne zai riƙa zama a ciki.

"Yaushe kwamitin zai fara zama?"

"Da zarar an kafa shi."

Ta dube shi, ta dubi ƙasa, ta yi godiya ta fita. Malama ba ta iya rigima ba. Da ta iya, da tuni ta wuce inda take.

An yi mata taron ban kwana, kar a ce ba a yi ba. An kafa rumfa, an jera kujeru, an kawo lasifika mai ƙara. Manya suka tashi suka kira ta uwa, suka kira ta fitila, aka tafa. Aka miƙa mata agogon bango a cikin kwali, aka ɗauki hoto. Tana rungume da kwalin, ko zama ba ta yi ba, mai kula da sito ya matso ya rusuna ya raɗa mata cewa an aiko shi karɓar makulli. Waɗanda ke kusa sun ga yadda ta ɗora agogon a kan kujera, ta kwance makullin daga zaren da ke jikin jakarta, ta miƙa masa. Lasifika na can ana ci gaba da yabonta.

Asabar ta zagayo, yara suka zo kamar kullum, don babu wanda ya tuna ya gaya musu. Ita ma ta zo. Ta ce ai ƙarƙashin bishiya ma wuri ne, aka jawo benci. Tana gama yanka takardar wata yarinya, iska ta taso ta kwashe guntayen, wasu cikin kwata, wasu kan wayar shinge. Yarinyar ta bi su da gudu tana tsinta, ta dawo da rabi, ido ya ciko. Mai gadi ya ɗingiso ya tara musu tsakuwa, aka danne kowace jimla da dutse, aka ƙarasa darasin a haka.

Mako na gaba, a bakin ƙofa ya tare ta, ya kasa haɗa ido da ita.

"Malama, an ce wanda ba ma'aikaci ba kar ya shiga ranar hutu. Ni aka zaɓa in faɗa miki. Da bakina."

"Ba komai, Baba. Aikinka ne. Ya ƙafar?"

Ta juya, yaran suka bi ta a baya har bakin titi, ta ce su koma gida za ta neme su, alhali ita kanta ba ta san inda za ta kai su ba.

Falonta ba ya ɗaukar mutum biyar, kuma teburin da ke ciki bai fi faranti biyu ba. Maigidanta, tsohon direba, ya ga kwana da kwanaki ba ta da walwala, ya fara tsokanarta ko za ta sake.

"Ni dai na huta. Da can ko jaridata ba ta tsira ba, in buɗe in tarar da taga a tsakiyar labari. Ga ta nan, yanka abinki, na yafe."

Ta yi murmushin da bai kai ido ba. Maƙwabciyarsu Maman 'Yan Biyu, tela ce mai shago a bakin layi, ta shigo aron dutsen guga ta tarar da zancen. Ta saurara har ƙarshe, ta riƙe ƙugu.

"Yaya, tsaya in tambaye ki. Makaranta kike nema ko tebur?"

"Tebur, mai tsawo, da ƙofar da za a rufe."

"To me aka yi aka yi teburin yankana? Asabar da safe ba na buɗewa sai rana ta ɗaga. Sharaɗi ɗaya, kowa ya wanke hannu, kuma wanda ya taɓa min almakashin yadi ya yanka takarda, ni da shi ne."

Can take yanzu. Ana ture kekunan ɗinki gefe, a naɗe yadudduka a ɗora sama, a rufe ƙofa, a kashe fanka. Shagon ba ya ɗaukar kowa, don haka rabi suna ciki, rabi suna zaune kan dakali a rana suna jiran layi, babura na wucewa suna watsa musu hayaƙi. Ɗakin bayan ɗakin karatu kuwa, wanda ya leƙa ta taga ya ce ƙura ta rufe teburin. Har yau ba a kafa kwamitin ba.

Malama, ke ce kika zauna da waɗanda aka riga aka yanke wa hukuncin cewa kansu ba ya ja, kika gano kan lafiya lau yake, ba a taɓa tambayarsu dalili ba ne. Ke ce kika hana mu fakewa da manyan kalmomi, kika sa muka ji kunyar rubuta therefore a inda babu dalilin komai. Da Hausarmu kika buɗe mana Turanci, aka rubuta miki shi a matsayin laifi. Mun gode, Malama. Allah ya ƙara wa gwiwar nan lafiya, ya saka miki da abin da taron ban kwana bai iya ba.

Sauran magana tamu ce, mu da muka wuce ta hannunta muka sami ofis da falo da shago. Yabo ta sha a ƙarƙashin rumfa, bai hana yara zama a rana ba. Duk mai ɗaki da dogon tebur da ƙofar da ke rufuwa, ya buɗe shi ranar Asabar. Duk wanda ta taɓa yanka wa takarda ya san yadda ake yi, ya zo ya ɗauki rabin da ke kan dakali. Jarrabawar yaran nan ta matso, kuma Maman 'Yan Biyu tana da ɗinkin mutane.