Ranar da Jabez Ya Matse Hoto

Jabez mutumin Kagoro ne, a unguwar Moss Side ta Manchester yake zaune. Da safe yana tura keken marasa lafiya a asibiti, da yamma ya zauna gaban kwamfuta yana haɗa bidiyon bukukuwan coci har idonsa ya yi ja. Ya gaji da aikin, amma wa zai bar wa?

Rabin wahalar daga talabijin ɗin mahaifiyarsa take, can gida. Tsohon akwati ne mai ƙusumbi, fuskarsa ba faɗi, alhali kyamarar Jabez hoto mai faɗi take ɗauka. An saya mata sabuwa, ta lulluɓe ta da zane. Duk faifan da zai aika sai ya zaɓa: ko ya yanke gefe da gefe wasu su ɓace, ko ya bar baƙin layi sama da ƙasa fuskoki su ƙanƙance. Akwai kuma matse hoton har mutane su koma kamar sillen kara. Wannan aikin ragwaye yake ce masa, bai taɓa yi ba.

Sai ga bikin godiyar haihuwa a Birmingham, na wansa Gamaliel, wanda ya yi watanni yana jinya a ɓoye. Ya rame, kwat na yawo a jikinsa. Matarsa Celestina ta ja Jabez gefe.

"Don Allah kar Mama ta gan shi haka, BP ɗinta ba zai ɗauka ba. Ka yi cropping ɗinsa kawai."

"In cire shi daga bikin ɗiyarsa, Anti? Ai nan take za ta gane."

Da ya dawo Manchester ya gwada duk dabarar da ya sani, ba ta fita ba. Ƙarshe ya matse hoton gaba ɗaya. Kowa ya rame, har Fasto da tumbinsa, ramar Gamaliel ta saje da ta jama'a. Kunya ta ishe shi, ya goge sunansa daga ƙarshen bidiyon, ya aika.

Bayan faifan ya isa, Mama ta kira.

"Jabez, injinka ya lalace, ya tsotse kowa."

"E, Mama, settings ne."

Yana jin kiɗan bikin daga akwatin nata.

"To, na ji. Amma tunda na haifi Gamaliel ban taɓa ganin an buga ganga yana zaune ba. Tun yaushe ne?"