Gurbi na Uku a Maratayin Fatsa

Ranar wata Laraba ce, kwana uku bayan babbar salla, shekarar da na cika tara, babanmu ya shigo da azarar giginya biyu a kafaɗa, ya zube su tsakar gida har kaji suka watse. Gidanmu yana ƙarshen unguwar Limanti, inda in ruwan kogin Gadabul ya kawo kana jin ƙamshinsa tun daga zaure. Mu masunta ne tun kakanni, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba, ko a gaban matan da ke toshe hanci in na wuce da tiren kifi. A ranar ne baba ya ce ya gaji da ganin sandunan fatsarsa a jingine kamar kayan baƙo, zai yi musu maratayi. Maratayin yana nan har yau a bangon ɗakina a Umarari, kuma gurbi guda da ke jikinsa, wanda nake jiran mai shi, shi ya sa nake ba da wannan labari.

Ni na danne masa azara yana sassaƙa da gizago, don Allah bai ba shi ɗa namiji ba, ni ce kuma babba. Ya haƙa rami biyu a gindin bangon zaure, tsakaninsu kamu huɗu, ya zuba toka saboda gara, ya kafa azarar a tsaye. Ya sara gurbi uku a jikin kowace, suna kallon juna, yadda sandar gora za ta kwanta a miƙe kada ta lanƙwashe. Ƙugiyoyi kuwa a totuwar masara ake soke su, a ɗaure totuwar a jikin sanda, kada su kama yaro ko akuya. Ya kai guraben sama da kan innarmu, domin a wurinmu mace ba ta tsallake sandar fatsa. An ce in ta tsallaka, kifi zai ƙi ƙugiyar har ruwa ya janye.

Gurbin sama nasa ne. Na tsakiya na ƙaninsa ne, Ba Gana, wanda bai yi aure ba tukuna, yake kwana a zauren. Na ƙasa kuwa baba ya kwaɓa laka ya toshe shi, ya ce na ɗan da Allah zai kawo gidan ne, in ya iso a fasa. Da ya wanke hannu sai ya tara mu, ya gaya mana ma'anar abin. Gurbin da aka toshe da laka, ba a jiran kowa a kansa. Gurbin da ke da sanda, mai shi ya dawo. Wanda yake wayam kuma, mai shi yana ruwa, kuma in aka kira magariba yana nan wayam, ba mai sa tuwo a baki sai an fita nema. “Ba sai kun tambayi kowa ba,” in ji shi, “ku dubi bango.”

Haka muka tashi muna duban bango. Ban yi boko ba, amma wannan karatun na iya shi. Da sassafe in tono tana a bayan randa, inda ƙasa ba ta bushewa, in zuba a gwangwani. Da rana mu fasa cikin tarwaɗa, mu nannaɗe ta, inna ta jera a banda, hayaƙi na sa mu hawaye muna dariya. In aiki ya ƙare mu zauna carafke da duwatsun bakin kogi. Ba Gana ba ya wucewa bai watsa min duwatsuna da ƙafa ba. Karfasa yake kirana, sunan wani kifi, wai ga ƙaya ga taurin kai, kuma ya ce duk wanda ya aure ni sai ya maƙale a wuya. Ni kuma in ce masa tuzuru mai kwana da kaji. Inna ta yi ta faɗa wai ba a yi wa uba haka, shi kuwa ya ce a bar ni, bakin nan shi ne jarina.

Kaka biyu bayan haka, wata rana da la'asar, na shiga zaure na tarar akuya ta ture sababbin sandunan gora da Ba Gana ya yanko ya jingine su bushe. Ga su kwance a kan hanya, ga maƙwabta mata suna shigowa sayen banda. Gabana ya faɗi, kada wata ta tsallake. Na jawo turmi, na kife shi, na hau, na jera su a gurbin tsakiya, tunda ba komai a ciki, na sama kuma hannuna bai kai ba. Na sauko ina jin kaina, na yi aikin manya. Ban tuna cewa mai gurbin ya fita da tsofaffin sandunansa tun azahar ba.

Da magariba baba ya dawo, ya ajiye nasa, ya ɗaga kai ya ce Gana ya shigo. Kowa ya san halinsa, in ya ajiye kaya yakan wuce hira wurin abokai. Inna ta rufe masa tuwo ta ajiye a zaure. Muka ci namu.

Da asuba aka ga tuwon yadda aka bar shi. Baba ya sauko da sandunan, ya ga ba zare, ba ƙugiya, ɗanyun gora ne. Ya fita da gudu ba takalmi. Shi da mazan unguwa suka sami Ba Gana ƙasa da inda ya saba zama, rungume da saiwar bishiya, ruwa iya ƙirji. Tsohon mamari ne da wani ya yar a ruwa, doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi barkatai, ya naɗe masa ƙafa har cinya. Da ransa aka kawo shi, jikinsa na rawa. Ya gaya wa baba cewa tun magariba yake sauraron takunsu, yana cewa yanzu za su dubi bango. Da aka faɗa masa yadda aka yi, sai ya sa a kira ni. Na zo ina ɓoye fuska a zanen inna. Ya yi murmushi ya ce, “Karfasa, ashe kin maido ni gida tun ban dawo ba.” Kwana huɗu ya yi, ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya tafi da shi.

Baba bai dake ni ba, ko tsawa bai yi min ba, kuma da ya dake ni da ya fi min sauƙi. Bayan sadakar bakwai ya kwaɓa laka, ya miƙo min ƙwaryar in riƙe, ya toshe gurbin tsakiya da yatsunsa.

Ɗan da ake jira a gidan bai zo ta wurin inna ba, ta wurina ya zo. Modu ɗana yana da shekara goma sha biyu baba ya fasa lakar gurbin ƙasa, ya ɗora masa sandarsa ta farko. Da baba ya rasu Modu ne ya toshe na sama, ya tumɓuke azarar, ya kafa mana a Umarari. Masunci ne na gaske. Ko da rikicin nan ya zo, hanyoyi suka rufe, mutanen daji suka hana kowa sakat, bai iya zama ba, don ba abin da ya iya sai ruwa, ga mata ga 'ya'ya biyu. Wata safiya ya sauke sandunansa ya ce zai leƙa fadamar Khaddamari, yana dawowa kafin la'asar.

Aka kira magariba gurbi na wayam. Na ajiye tuwo, na bi maƙwabta gida gida ina cewa a fita nema, haka ake yi. Maza suka sunkuyar da kai. Wani dattijo ya ce min ko an fita, shingen jami'an tsaro ba zai bari a wuce ba, in ma an wuce, ba a san wa zai dawo ba. Ban ga laifinsu ba. Shekara huɗu ke nan, ba gawa, ba labari.

Bara matarsa Falmata ta durƙusa a gabana. Yarinya ce mai haƙuri, ita ta riƙe mu da sayar da ƙosai. Ta ce malamai sun ce tana iya yin takaba, danginta kuma suna jira. “Ya Bintu,” ta ce, “ki toshe gurbin nan. In ina ganinsa a buɗe ba zan iya fita gidan nan ba.” Na kwaɓa laka da hannuna. Na jawo turmi na kife, na hau da tsufana, ita tana riƙe da ni. Da na kai hannu sai na ga mutum rungume da saiwa yana sauraron taku. Na sauko. Na ce mata ta je, na yafe mata, Allah ya ba ta na gari, amma sau ɗaya na taɓa cika gurbin mai rai, ba zan ƙara ba. Ta yi takabarta a gidan iyayenta, don a nan ta kasa. Ta tafi da yaran. Lakar ta bushe a ƙwarya, tana nan ƙarƙashin gado.

A da, bango in ya yi magana maza goma ke tashi da fitila, kuskuren yarinya ɗaya ne kawai ya hana su. Yanzu bangon yana faɗin gaskiya kowace magariba, kuma ba mai tashi. Ni kaɗai na rage da na iya karanta shi.