Jar Tawada a Wuyan Jarumai

Na manta sunayen rabin malaman da suka koyar da ni a sakandare, amma akwai wata Asabar guda a Talata Mafara da ba za ta bar raina ba har ƙasa ta rufe mini ido. Kuma ba wani ne ya cuce ni ba. Ni na yi ta'asar da hannuna, ina murmushi.

Muna aji uku cutar komik, wato labaran zane, ta kama mu, kuma a wajen mai ƙosai muka kwaso ta. Matar tana sayen tsofaffin takardu a kasuwar Talata tana ƙunshe ƙosai da su. Wata rana ɗaya daga cikinmu ya warware ƙunshinsa, sai ga shafi mai launi duk mai ya jiƙa shi: yara biyar, maza da mata, sa'anninmu, suna dirowa daga saman bene domin su ceci mutane. Daga ranar muka addabi baiwar Allah da roƙon takarda. Shafukan ba a jere suke ba, Turancin ya fi ƙarfinmu, ƙarshen labarin kuwa wani ya ci ƙosai ya jefar da shi.

Sai da na girma na gane abin da ya ja mu. Ba tashi sama ba ne, ba kuma wutar da ke fita daga hannunsu ba. Yara ne kamarmu, ana yi musu faɗa a gida, suna gaba da juna kan abin da bai kai ya kawo ba, amma da an yi kururuwa sai su haɗa kai su zo, kuma su iso a kan lokaci. Mu kuwa mun taso ne a zamanin da ake kururuwa a ƙauyuka har murya ta dushe ba wanda ya leƙo. Manya sai dai su girgiza kai su ce Allah ya kyauta.

Wanda ya cike mana giɓin shafukan wani yaro ne shiru-shiru da aka kawo ajinmu daga wani ƙauye can bayan Maradun, shi ya sa muke ce masa Ɗan Maradun. Kowa ya san abin da ya kawo shi: 'yan bindiga sun shiga garinsu, mahaifinsa ya rasu a ciki, kawunsa ya ɗauko shi. Ba wanda ya tambaye shi yadda aka yi, ni ma da nake kiran kaina amininsa ban tambaya ba. Yaron nan in ya riƙe fensir sai ka rantse takarda za ta yi magana. Da shafukan mai ƙosai suka ƙare, sai ya sayi littafin rubutu mai kauri ya fara namu labarin, ya mai da mu, abokai biyar har da shi, jarumai. Ni ya ba ni baiwar jin kuka daga nesa, wai don kunnuwana kamar faifai. Akwai kuma wani tsoho mai guntun gemu da fartanya a kafaɗa, wanda kusan kowane labari sai miyagu sun ritsa shi a gona mu kuma mu ceto shi. Mukan tsokane shi mu ce wannan tsoho ba ya gajiya da shiga uku? Shi dai sai ya yi murmushi.

Shekara guda yana aikin littafin, bai taɓa barin ya kwana a hannun kowa ba. Ni na nace, na yi ta naci kamar ƙuda, har wata Juma'a ya miƙo mini.

"Amana nib ba ka," ya ce. "Ran Littinin ka maido min shi yadda kag gane shi."

Gidanmu gidan malamai ne, mahaifina da hannunsa yake rubuta Alƙur'ani. Ranar Asabar da hantsi, bayan an tashi daga karatu, na raɓe a lungun zaure na nutse cikin littafin, ban san ya shigo ba.

"Mi kaka kallo haka, har ba ka ji sallama ba?"

Ya karɓa ya yi ta buɗawa a hankali. Bai ɗaga murya ba.

"Mai wanga hannu Allah ya yi mai baiwa," ya ce. "Amma hoton mai rai bai kwana gidan ga. Tashi ka mai da ma mai shi."

"Baba, ban ƙare karantawa ba."

"In dole sai ya zamna, sai an raba kai da gangar jiki. Ni dai shawarata, ka mai da ma yaro abinai."

Ku ji fa, hanya biyu ya ba ni, har ya nuna mini wadda ta fi. Gidan kawun yaron bai fi tafiyar minti goma ba. Amma ina tsakiyar labari, jarumai sun shiga daji, ina so in ga yadda za su fito. Son zuciya ɓacin zuciya. Kuma a gidanmu abin ba baƙo ba ne: yayyena haka suke yi wa littattafan boko, duk hoton mutum ko dabba sai a ja masa layi a wuya, shi ke nan an raba kai da jiki, littafi ya zauna lafiya. Na ɗauki alƙalamin kara, tawadar da na tarar a buɗe kuwa ja ce, wadda ake sa wasali da ita. Na zauna na bi shafi-shafi, wuya-wuya, ban tsallake ko ɗaya ba. Takardar ba ta da kauri, tawadar ta riƙa nasowa tana gangarowa kan rigunansu. Ko a jikina. Sai azahar na gama, ina jin kaina gwani.

Ranar Litinin da aka fita hutun tara muka taru a gindin dogonyaro. Na miƙa masa, har da bugun ƙirji.

"Na gyara ma shi. Yanzu ko gidan liman yana kwana."

Ya buɗe. Sauran ukun suka leƙo, dariyar da suka fara ta yanke. Shi kuwa buɗawa kawai yake yi, har ya kai wani shafi da tsohon nan ya cika shi shi kaɗai. Ya ɗora yatsa a kan jan layin.

"Ka san ko wane na wanga?"

Na girgiza kai.

"Babana na. Ba mu da hotonai ko guda, nan kaɗai nika ganin huskatai. Ina kwance cikin gero sa'ad da sunka yi mai hakanga." Ya ɗago ya dube ni. "Su sau guda sunka yi. Kai ƙirga ka gani sau nawa kay yi."

Da ya mare ni da na ji sauƙi. Rufe littafin ya yi, ya sa a cikin riga, ya tafi. Sau uku ina zuwa gidan kawunsa ba da haƙuri, sau ukun yana ce mini ba komai, irin ba komai ɗin nan da ke rufe ƙofa. Ƙungiyarmu ta watse ba tare da kowa ya ce a watse ba. Da zangon ya ƙare aka mai da shi Bakura wajen dangin mahaifiyarsa. Ni da aka zana a matsayin mai zuwa ceto, abin da na iya ke nan.

Shekaru da yawa bayan haka na je Bakura ta'aziyya, na gan shi a bakin hanya yana rubuta sunan shago a jikin allo da fenti. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, yana ce mini Malam kamar bai taɓa tsokanar kunnuwana ba. Bakina da bai san kunya ba ya tambaye shi ko har yanzu yana zane.

"Baƙaƙe kaɗai nika rubutawa yanzu," ya ce, yana goge buroshi. "Su ba su da wuya."

Yadda ya furta kalmar, na san ba wahala yake nufi ba.

Abin da na koya, na koye shi a makare: abin da aka ba ka amana ba naka ba ne balle ka gyara shi, ko da kana ganin lada kake nema. Ba ka san abin da mai shi ya ajiye a ciki ba. Ka mayar masa yadda ya ba ka, ko ka tambaye shi tukuna. Ni ban yi ko ɗaya ba, kuma haƙurin da na bayar bai goge layi ko guda ba.