Helman da Ya Sauka Rijiyar Dangoma

Shekara uku na yi ina haƙar rijiya a ƙasar Gwandu kafin in ji wani ya yaba aikin hannuna. A lokacin ban ɗauki haka a bakin komai ba. Mu takwas ne a ƙungiyarmu, ana tura mu ƙauye-ƙauye da zarar kaka ta wuce, mu sauka da diga da shebur da buhunan siminti, ba mu tashi sai ruwa ya fito. Ni ne mai shiga ƙasa in sara, ana jawo ƙasar sama da bokiti.

Helmanmu na farko, wato shugaban leburori, ba mugu ba ne. Bai taɓa zagin uwar kowa ba, kuma idan ɗayanmu ya kwanta ciwo yakan je ya duba shi. Sai dai bakinsa ba ya buɗuwa a kan aiki sai an yi kuskure. In ya leƙo ya yi shiru ya wuce, to ka yi daidai ke nan. Ina jin shi ma haka aka rene shi a aikin, bai san wata hanya ba.

Cikinmu akwai wani dattijo mutumin Dalijan wanda duk muke kira Baba. Shi ne mai zuba simintin bangon rijiya. Ya fara sana'ar tun zamanin da ake ɗaure bakin rijiya da itace, kuma in ya damƙi ƙasa ya murza, zai gaya maka gaba nawa ya rage a kai ruwa. Amma ba ya koya wa kowa. In ka tambaye shi sai ya ce ka zuba ido kawai.

Ranar da aka buɗe rijiyar Malisa, mai gari ya tara jama'a, aka yi addu'a, aka gode wa malamin ayyuka da ya zo daga Birnin Kabi, aka gode wa helma. Mu kuwa muna gefe ƙarƙashin gawo, laka ta bushe a ƙafafunmu. Baba ya daɗe yana kallon taron, sannan ya ce da ni wannan rani ne nasa na ƙarshe, in damina ta sauka zai koma gonarsa, ya gaji da yin aikin da ƙasa kaɗai ke gani.

Kafin damina sai aka mayar da mu wajen Kalgo, aka ba mu sabon helma. Gajere ne, tsohon soja, yana ɗan ɗingishi. Da muka ji soja ne, muka shirya wa tsawa.

Rijiyar farko da muka kama da shi ita ce ta Dangoma, kuma ta ba mu wuya. Muna gaba shida muka tarar da rairayi mai gudu. Ka sara nan, can ya zabtaro. Sau biyu ƙasa na rufe ni har gwiwa. Kwana uku ba mu ƙara ko taki ɗaya ba. A na huɗu Baba ya aika aka sayo zana da tsumagu a gari, ya sauka shi kaɗai. Ya kewaye bangon da zanar, ya tokare ta da tsumagun a lanƙwashe, ya riƙa zuba siminti kaɗan-kaɗan, ba kamar yadda aka saba ba. Bai yi wa kowa bayani ba. Zuwa kwana biyu rairayin ya tsaya.

Washegari da hantsi helma ya tuɓe takalmansa, ya ce a ɗaura masa igiya. Muka yi mamaki, domin ba mu taɓa ganin helma ya wuce bakin rijiya ba. Ina ƙasa tare da Baba lokacin da helma ya sauko. Ya bi bangon da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa, ya tambayi yadda aka yi zanar ta zauna da dalilin rage yawan zubin. Baba ya amsa a taƙaice, yana jiran a gaya masa inda ya ɓata.

Helma ya ce, “Baba, na yi aikin gada a soja, na ga masu ilimi, ban taɓa ganin wagga dabara ba. Ba don kai ba da mun bar rijiyar ga. Allah shi saka maka.”

Baba ya sunkuya ya ɗauki cokalin simintinsa yana kankare shi, alhali babu abin da ya manne a jiki. Sai da helma ya hau na ga Baba yana share fuska da gefen riga.

Ni ma na sami rabona bayan kwanaki. Helma ya kira ni gefe ya ce ya lura sarana yana tafiya sak, ba ya karkata, kuma shi ya sa zubin Baba ke zama da kyau. Daga nan ya ce amma ina barin bokiti ya cika fiye da kima, wata rana zai zubo mini a ka. Tsohon helma ya sha gaya mini maganar bokitin nan ban ji ba. A ranar na daina. Da na koma masauki na yi ta ba matata labari, har ta gaji ta ce ai ta ji tun a karon farko.

Da ruwa ya fito aka yi taro irin na Malisa. Malamin ayyuka ya fara gode wa helma, sai helma ya nemi izini, ya kamo hannun Baba ya kawo shi gaban mai gari, ya faɗi abin da ya yi da zana. Sannan ya kira mu ɗai-ɗai, kowa da aikinsa, har mai kwaɓa siminti. Wata tsohuwa ta kawo wa Baba fura a sabuwar ƙwarya, ta ce tasa ce shi kaɗai. Ya sha kaɗan ya miƙo mana.

Baba bai bar aiki a daminar nan ba. Ya ƙara rani huɗu, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ya fara koyarwa. Yakan zaunar da mu bayan la'asar ya zubo ƙasa iri-iri a kan tabarma, ya sa mu murza mu sansana. Abin da ya riƙe shekara talatin ya juye mana shi cikin rani biyu. Da ƙirjinsa ya fara ciwo ne ya koma Dalijan. Helma kuwa an ɗauke shi zuwa wata ƙasa, ban sake jin labarinsa ba.

Daga baya ni aka ba ƙungiyar, a nan na gane maganar yabo ba ta da sauƙin fita. Na yi mako guda ina shirin yaba wa wani magidanci da ke riƙe igiya, mutum mai natsuwa da bai taɓa sakin hannu ba. Da na kira shi gefe na fara, sai ya tambaye ni ko sallamarsa za a yi. Na ce a'a, gode masa nake yi. Ya tsaya yana kallona, ya ce to, ya gode, sannan ya tambaya ko zai iya komawa, don ya bar mutum a ƙasa.