Tsoho Mai Rariya a Cikin Ruwa

Maharazu yana jiran motar da za ta kwashi tumatirinsa a hanyar Bunkure, sai idonsa ya faɗa kan wani tsoho tsaye cikin magudanar ruwan Tiga, ruwa iya gwiwa. Ya naɗe wando, ya rataya ƙaramar rediyo a wuya, yana riƙe da rariyar tankaɗe. Da gani ta matarsa ce, kuma ba da saninta ta fito ba.

Ba kifi yake kamawa ba. 'Ya'yan gumbi yake tsamewa, itacen ƙayar nan da ya mamaye bakin ruwan, yana zubar da iri, ruwa yana kai wa gonaki. Hannuwansa duk karce ne. Wataƙila gumbi ya taɓa cinye masa fadama.

Tsohon ya taɓa reshe ɗaya, ganyen ya rufe ruf.

"Ji munafiki!" in ji shi, yana dariya. "Wai kunyata yake ji."

"Sannu da aiki, Baba," in ji Maharazu. "Gonarka tana ƙasa ne?"

"Tawa tana can sama, ɗana. Waccan mai tumatir a ƙasa fa, ta waye?"

Maharazu ya dubi gonar, ai tasa ce. Ya sunkuya ya fara naɗe wando.