Takalman Alhajin Gwaggo Azumi

Duk wanda ya san Gwaggo Azumi, ƙanwar babana, ya san takalman nan. Wasu ƙattin takalman leburorin gini ne da ta saya a gwanjo, kowanne ɗaya, jariri zai kwanta a cikinsa har ya yi juyi. Duk inda ta faka motarta mai ɗaki, kafin ta shimfiɗa sallaya sai ta jera su a bakin ƙofa, ta ɗan shafa musu taɓo.

Ranar da na fara ganinsu na ce, "Gwaggo, na wane ne?"

"Na Alhaji."

"Wane Alhajin?" Don mijinta ya rasu tun muna Kumasi.

"Wanda duk ɗan iskan da ya zo wucewa zai auna ƙafarsa da ido, ya tuna yana da uzuri a wani wurin."

Kun tuna rigimar da aka sha da ta sayi motar, bayan ta bar aikin gidan tsofaffi a unguwar Sedgefield, nan Greensboro? Babana ya ɗauko Malam Isufu, limaminmu, suka same ta a gidanta a Pleasant Garden.

Baba ya ce, "Azumi, mace ita kaɗai a kan hanya, a ƙasar nan? Ki ji tsoron Allah."

Ta ce, "Yaya, shekara da shekaru ina fita ni kaɗai cikin ƙanƙara, in je in juya tsofaffin mutane, in yi musu wanka. Wa ya taɓa zuwa ya ce kada in fita? Sai yau da zan je kallon teku aka tuna ni mace ce?"

Malam ya gyara murya zai fara nasiha, sai ta ce su shigo dai su ga cikin motar tukuna. Suna zama ta ja ƙofa, ta tayar. Wallahi sai da ta zaga da su har unguwar Irving Park, Malam ya rungume wurin wanke kwanuka yana ta salati. Da suka sauka ya dubi Baba ya ce, "Alhaji, a bar ta. Ta fi ɗana iya tuƙi."

To, ba takalma kaɗai ba. In ta tsaya gidan mai, wani ya cika kallonta, sai ta leƙa cikin mota ta ɗaga murya: "Alhaji, ka idar? Fito mana!" Ashe wata rana wani direban babbar mota ɗan Maraɗi yana gefe yana shan mai, ya ji ta. Kafin Juma'a labari ya gama Greensboro: Azumi ta yi aure a ɓoye! Ƙawarta Hajiya Rabi ta zo da fushinta.

"Haba Azumi! Ko goro?"

Gwaggo ta shiga mota ta fito da takalman, ta dire su a gabanta. "Ga shi, ku gaisa. Ba ya neman tuwo, ba ya minshari, bai taɓa tambayata ina za ni ba."

Hajiya Rabi ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce, "Yana da ƙane?"

Amma akwai ranar da dariya ta ɗauke. A wani sansanin masu yawo ne, can cikin duwatsun yamma, da rana tsaka. Wani mutum ya zo neman ashana, ta miƙa masa ta taga. Ya tafi ya dawo, ya taɓa takalmin da ƙafa, ya ce mijin nan naki tun jiya bai fito ba. Sai ya ɗora hannu a mariƙin ƙofa. Gwaggo kuwa kullum ƙofarta a kulle take, makulli a wuyanta, hancin motar yana kallon hanyar fita, ba ta yarda ko buta ta tare mata hanya daga gado zuwa sitiyari. Ta faɗa kujera, ta danne hon ba ta saki ba har mutane suka firfito daga tantinsu, ta fizgi mota sai ofishin masu gadin dajin.

Daga can ta kira ni. Ban taɓa jin muryarta tana rawa ba sai ranar. Na fashe da kuka na ce, "Gwaggo, don girman Allah ki dawo gida haka nan."

Ta ce, "In dawo? Shi da ya yi laifin yana yawonsa, ni ce zan kulle kaina a ɗaki? Na ba su kamanninsa da lambar motarsa. Gobe gaba zan yi." Can kuma ta ce, "Abin da ya ƙona min rai, na baro Alhaji a can, da kwalbar shitona, soyayyen yajin nan nawa, a kan tebur. Alhaji dai a samu wani. Amma shiton nan, Hindatu, da busasshen kifin Kumasi na yi shi!"

Duk taurin kan nan nata, kullum tana idar da la'asar sai ta kira ni ta faɗa min inda take da inda za ta kwana. Ko da ciwo ya kwantar da ita a asibiti ba ta fasa ba. Sai ta ce, "Yau ma ina nan inda kika bar ni. Wurin ba kyau, kada ki zo yawo nan."

Har yau in na sallame la'asar sai na juya na dubi waya.

Ya Allah, Gwaggo ta kama hanyar da ba wanda zai iya raka ta. Ka zame mata abokin tafiya, Ka yalwata mata makwanci, Ka sauke ta a Aljanna lafiya. Amin.