Ba a Gaishe da Kwamfuta

Ni dama ba ni da haƙuri, kowa a laburaren kwalejinmu ta Azare ya san haka. Shekarar da aka kawo mana kwamfutoci goma aka haɗa su da intanet, aka ce ni zan koya wa ɗaliban digiri yadda ake nemo maƙalun bincike a ciki, sai abin nawa ya ƙaru. Awa biyu kacal ake tayar mana da janareta, daga sha ɗaya zuwa ƙarfe ɗaya. Ɗalibai cike da ɗaki, shafi ɗaya kuwa kafin ya buɗe ka gama cin ƙullin gyaɗa. Ina koyarwa ina kallon agogon bango, ƙafata ba ta tsayawa wuri ɗaya.

A cikin ɗaliban akwai Malam, hedimasta a Udubo, wanda ya koyar da ni a aji biyar na firamare kafin a mayar da shi can. Shi ya koya mana rubutun wasiƙa. Ranar da na fara tawa ba gaisuwa, sau goma ya sa na sake ta, ya ce ba a faɗo wa mutum da buƙata babu sallama. Yanzu ga shi da furfura yana zaune a gabana, yana ce mini Malama.

Kundin kammala digirinsa ne ya tsaya masa a wuya. Yana rubutu kan 'ya'yan makiyaya da ke barin makaranta idan shanu sun tashi. Malamin da ke duba masa ya dawo da shi sau biyu, ya ce littattafan da ya dogara da su sun tsufa, ya kawo sababbin maƙalu biyar ranar Juma'a, in ba haka ba sai baɗi. Malam kuwa ba shi da baɗi. Wa'adin karatunsa ya ƙare, in ya rasa wannan, duk hawan babur ɗin da ya yi shekara da shekaru daga Udubo ya tashi a banza.

Ranar Litinin layi ya zo kansa, kowa minti goma sha biyar ake ba shi. Na bar shi yana danna haruffa da yatsa ɗaya, na zaga wajen wasu. Da na dawo saura minti uku, na leƙa. Wasiƙa ce cikakkiya da Turanci a ɗan akwatin nema: ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ina roƙon a taimaka mini. Ya danna, kwamfuta ta ce ba a samu komai ba.

Raina ya ɓaci, bakina ya riga hankalina.

"Haba Malam! Sau nawa zan faɗa? Ba a gaishe da kwamfuta! Hakimi ce ita? Saura ka tambaye ta iyali!"

Ɗakin ya fashe da dariya, har da 'yan matan da ya isa ya haifa. Malam ya cire tabarau ya ninke, ya ce, "To, Malama." Ya tashi ya ba na bayansa kujera.

Talata bai zo ba. Na ce a raina ai shi ya sani, ni na ce ya tsufa kafin ya nemi digiri? Amma duk wanda ya turo ƙofa sai na waiwaya. Na yi tunanin in nemo maƙalun da kaina in aika masa, na san ba zai karɓa ba, mutumin da ke tsayar da mu a rana saboda satar amsa. Laraba ma shiru. Wallahi kunya ta ishe ni. Wayar salula ba ta kama Udubo lokacin, don haka na yagi takarda na rubuta masa wasiƙa, na fara da gaisuwa tiryan-tiryan yadda ya koya mana, na ba shi haƙuri, na roƙe shi ya zo gobe. Na kai tasha da kaina na danƙa wa direban motar Gamawa da ke bi ta Udubo.

Alhamis sha ɗaya ta yi, sha biyu ta yi. Ina kaiwa ina komowa tsakanin ƙofa da taga, ina yi wa ɗalibai tsawa ba dalili. Sha biyu da rabi na ji babur, sai ga Malam ya shigo. Na tayar da wani ɗalibi daga kujera yana gunaguni, na ce ya kai ƙara duk inda ya ga dama.

"Malam, kalma uku kawai take so. Makiyaya, yara, makaranta."

Ya rubuta su da Turanci, ɗaya bayan ɗaya. Shafin ya tsaya fari fat. Na kalli agogo, na ciji yatsa. Can sai ga jerin maƙalu har ƙasa. Malam ya matso da fuskarsa, ya ce, "Ikon Allah! Ashe har a wasu ƙasashen yaran tafiya suke." Shi ya zaɓi biyar ɗinsa, na buga masa su.

Saura minti biyu a kashe janareta, sai na ga ya sake ɗaga yatsa. Ya goge kalmomin, ya rubuta na gode, ya danna. Na kama bakina. Kwamfuta ta ce ba a samu komai ba.

"Ta iya aiki," in ji shi, "tarbiyya ce dai ba a yi mata ba."

Na sunkuyar da kai. Ya tattara takardunsa, ya zaro wasiƙata daga aljihu ya ajiye mini a tebur, ya fita neman malamin nasa. Na buɗe. Ya bi ta da jan biro layi-layi, ya zagaye saman inda na manta kwanan wata. A ƙasa ya rubuta tara bisa goma, ya sa hannu.